Moton Keken Malam Hamisu

Makon jiya wasu samari biyu suka turo mini keke mai ƙafa uku har ƙofar shago. Da kansu suka haɗa shi da bututun ruwa da tayoyin babur, suna so in zaɓa musu moton da zai ja shi da batir. Ɗayansu ya ce, "Baba, ai ba wani aiki ba ne. Ka nuna mana wanda ya fi ƙarfi kawai mu ɗaura." Ban nuna musu komai ba ran nan. Na tambaye su wanda zai hau keken, da inda zai riƙa zuwa, da yadda yake tafiyarsa. Suka dubi juna, suna ganin tsufa ne ya fara kama ni. Saboda su da ire-irensu, masu ganin sana'ar nan ba ta wuce haɗa jar waya da baƙa ba, na ga ya kamata in rubuta abin da ya taɓa faruwa a hannuna. Shekarata hamsin yanzu, kusan rabinsu a naɗin moto na yi su, kuma ban taɓa ba kowa wannan labari cikakke ba.

Moton farko da ya kunyata ni na masaƙa ne. Na fito daga jami'a da digirin injiniyan lantarki a shekarun da kuɗin mai ya fara zuba a ƙasar nan, aka ɗauke ni aiki a wata masaƙa a Bompai, aka ba ni ofis da ƙaramar mota. A watana na uku wani moto ya ƙone, layi guda na injinan saƙa ya tsaya. Ina iya zana yadda wayar cikinsa take kwance, ina iya bayyana dalilin ƙonewarsa da Turanci mai kyau, amma ban san ta inda ake fara kwance shi ba. Direban kamfani ne ya ce mu kai shi Fagge wurin Baba Rafi'u.

Baba Rafi'u Bayarabe ne haifaffen Fagge, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shagonsa ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. Kayan aikinsa ba su cika akwati ba: gudumar katako, da tsofaffin zartuna da ya wasa yana tura takarda da su cikin ramukan ƙarfe, da ƙwan fitila mai waya biyu na gwaji, da wata ganga da ya jera ƙwayayen lantarki a cikinta yana gasa moto bayan ya tsoma shi a banish, wato man da ke ƙame wayar naɗi. Kaurin waya kuwa da yatsa yake gane shi. Sau biyu na kawo ma'auni daga masaƙa don in kama shi da kuskure, ban kama shi ba. Cikin kwana huɗu ya tayar da motonmu. Daga nan na roƙe shi ya bar ni in riƙa zuwa bayan la'asar da ranakun Asabar. Ya ce, "Injiniya guda zai zauna a tabarmata? To, tuɓe takalmin nan mai tsini. Ga ƙonanniyar waya can, fara da ƙirga zagayenta." Shekara guda ban yi komai ba sai kwance ƙonannen naɗi da ƙirga shi. A nan na koyi cewa kowane moto yana faɗin abin da ya kashe shi, ga wanda ya iya duba launin tagullarsa.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan mai yawa ita ce muguwar shekarar masu gyara. Wanda bai ga lokacin ba zai ɗauka kowa ya ji daɗi. Jirgin ƙasa da manyan motoci suna ta sauke kwalaye, kantunan Sabon Gari suka cika da fanka da rediyo da injin ruwa. Fanka ta tsaya, a jefar da ita a sayi sabuwa. Baba yakan wuni a ƙofar shago yana jan carbi, ba wanda ya yi masa sallama da aiki. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, ina zuwa ina koyo a wurinsa, amma a raina na riga na sa shi cikin tsofaffin kayan da zamani ya wuce.

A wannan shekarar ne, gab da saukar damina, Malam Hamisu mai gyaran agogo ya tsayar da kekensa a ƙofar shagon. Ciwon shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami. Mutum ne mai tsabta ƙwarai, kullum cikin farar riga da ƙamshin turare, yana da tebur mai gilashi a bakin Kantin Kwari. Kekensa irin na guragu ne mai ƙafa uku: feda a gaban ƙirji da ake juyawa da hannu biyu, kaca ta sauka daga nan zuwa tayar gaba, akwatin agoguna a baya. Duk Fagge an san cewa tun da ya mallaki keken nan yana saurayi bai sake dafa ƙasa da hannu a bainar jama'a ba. Ya sa an gina masa dakali a zaure daidai tsayin kujerar keken, an yi masa benci haka a wurin teburinsa, don ya zame daga wannan zuwa wancan ba tare da kowa ya ɗauke shi ba. Bai kuma taɓa karɓar sadaka ba.

Bayan sun gaisa da Baba ya ce, "Rafi'u, kafaɗar nan ta fara yi mini gardama. Likita ya ce in rage juya feda, in ba haka ba hannun ma zai bi ƙafa. Hannun nan kuwa da shi nake ci. An ce mini a ƙasar Turawa akwai keke mai tafiya da batir."

Baba ya ce, "Turawa ai har wata sun je, Hamisu. Kai Kwari kawai za ka."

"To, Kwarin nake so ku kai ni. Amma ni kaɗai, ba da mai turi ba."

Ba a tambaye ni ba na sa baki. Na ce, "Malam, wannan ba wani abu ba ne. Mako biyu ya isa."

Ya juyo ya dube ni da fara'a. "Wannan shi ne injiniyan naka, Rafi'u? Alhamdu lillahi, yau Allah ya haɗa ni da ilimi."

Da ya tafi, Baba ya jawo wani dainamo na tsohuwar babbar mota daga ƙarƙashin benci, ya hure masa ƙura. Ga wanda bai sani ba, dainamo shi ne abin da injin mota ke juyawa don ya cika batir, amma idan aka ba shi wuta shi ma yana juyawa kamar moto. Ba shi da ƙarfi sosai, sai dai an ƙera shi ne don ya wuni yana aiki: yana da boris gaba da baya da ke sauƙaƙa masa juyawa, yana da fankar da ke sanyaya shi. Baba ya ce, "Wannan jaki ne, ba ya gudu, amma zai kai shi. A bar masa fedarsa, in ya zo tudu ya taimaka masa da hannu kaɗan." Na dubi tsatsar da ke jikinsa, na ce a ba ni kwana biyu in yi tunani.

Tunanin da na yi shi ne na tafi Sabon Gari wurin Oga Emeka mai sayar da kayan mota, na ce ya ba ni sabon kik. Kik shi ne ɗan moton da ke tayar da injin mota idan an murɗa makulli. Ƙarami ne, amma ƙarfinsa ya ninka na dainamo sau da yawa. Oga Emeka ya ce, "Injiniya, motarka sabuwa ce, me ya sami kik ɗinta?" Da na gaya masa abin da zan yi da shi, sai ya ajiye kwalin ya yi dariya. "Kik a keke? Kik kamar zakara ne, aikinsa ya tashe ka ya yi shiru, ba ya wuni yana cara. Amma ni ɗan kasuwa ne, in ka ce in naɗe maka, zan naɗe."

Na san abin da yake faɗa gaskiya ne, an koya mana shi a aji. Kik ba shi da fanka, ba shi da boris, an yi shi ne don aikin ɗan lokaci. Amma na zauna a ofis na yi lissafi. Na auna nisan gidan Malam zuwa Kwari da motata, na kimanta nauyinsa da na keke da na batir, na ga cewa da zarar keke ya fara tafiya a kan hanya mai laushi, wutar da kik zai ja kaɗan ce, kuma kafin ya yi zafi an isa. Na sake duba lissafin nan bayan shekaru, ban ga kuskure a cikin lambobinsa ba. Abin da na lissafa ne ba tafiyar Malam Hamisu ba ce.

Don in sami wurin ɗaura kik a saman tayar gaba, sai na sa mai walda ya yanke fedar da maƙalinta. Baba ya ce, "Ka bar masa fedar." Na ce, "Baba, in akwai moto me zai yi da feda? Nauyi ne kawai." Ya dube ni ya ce, "To, kai ne mai digiri." Bai sake sa hannu a aikin ba. Na sha tambayar kaina me ya sa bai hana ni ba, alhali shagonsa ne. Ina jin shekarar ce ta karya masa gwiwa, har ya fara yarda cewa wataƙila mu masu takarda mun san wani abu da shi bai sani ba.

Na gwada keken a lungun bayan shago, ya tafi kamar babur. Sau biyu fiyus, ɗan abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, ya ƙone a lokacin tashi. Maimakon in tsaya in tambayi dalili, sai na ce ai kik ɗin mota ma ba shi da fiyus, na cire shi na haɗe wurin da waya mai kauri. Akwai kuma abin da ban lura da shi ba sai daga baya: duk lokacin da zan danna makunni, ƙafata takan sauka ta ɗan ture ƙasa, kamar yadda kowane mai ƙafa yake yi a kan keke ba tare da ya sani ba. Wannan ɗan turin shi ke ɗauke wa moto aikin da ya fi kowane wuya, wato tayar da kaya daga tsaye.

Ranar da aka ba Malam kekensa mutanen layin suka fito kallo. Ya danna, keke ya zabura, hularsa ta kusa faɗuwa. Ya zagayo yana dariya ya ce, "Injiniya, da wannan ai sai in riga alhazan Kwari buɗe shago. Allah ya yi maka albarka." Na karɓi addu'ar nan da hannu biyu.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne gaisuwa. Mutum irin Malam Hamisu ba ya wuce dattijo yana ɗaga masa hannu. Tsayawa yake cak, a yi ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, sannan ya tashi. Zai tsaya a zauren liman, ya tsaya wurin tsofaffin da ke gindin dalbejiya. In an yi rasuwa a layi, kullum sai ya tsaya har a yi bakwai. Ga masu tare shi su miƙa masa agogo, ga masu tambayar ko nasu ya gyaru. Tafiyar da na lissafa da tashi ɗaya, shi yakan yi ta da tashi ashirin ko fiye, kuma kowane tashi kik yana zuƙar wuta kamar zai tayar da injin mota. Ni ɗan Kano ne, haka aka rene ni, haka mahaifina yake tafiya kasuwa. Amma tun da na yi mota na koma gaisuwa da ham, kuma a cikin motar na auna hanyar, gilashi a rufe.

A kwana na tara aka yi ruwa da asuba. Da na zo bayan la'asar na tarar da keken a ƙarƙashin rumfa, kujerarsa ta ƙone rabi, wayoyi sun narke sun manne da ƙarfe. Baba bai amsa sallamata da fara'a ba. Ya ce, "Je ka duba aikinka, sannan ka zo ka zauna."

Ga abin da ya gaya mini, wanda daga baya 'yan kasuwa suka maimaita mini. Malam ya gama gaishe-gaishensa, kik ya riga ya yi zafi, ya fito kan titin da yanzu ake kira Ibrahim Taiwo, gab da Kwari. Tayar gaba ta faɗa wani rami mai taɓo. Ya danna makunni, moto ya kasa juyawa, wutar da ya ja ta narkar da bakin makunnin ya manne. Ya saki, bai saku ba. Babu fiyus ɗin da zai yanke wuta, babu fedar da zai fitar da kansa da ita. Wayar da na bi da ita ƙarƙashin kujera ta kama, rigarsa ta kama. Ciwon shan inna yana kashe motsi ne, ba ya kashe jin zafi. Malam ya jefa kansa ƙasa, ya ja jiki da hannuwa cikin ruwan kwata, a gaban mutanen da ya shekara ashirin yana gaisawa da su daga kan kujera. Akwatin ya buɗe, agogunan mutane suka zube a taɓo. Wani mai sabuwar mota ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya jefa masa sule ya wuce. Daga nan mutum huɗu suka ɗauke shi cak suka shigar da shi wani shagon atamfa.

Baba ya ce, "Ƙunar cinyar ba ta yi zurfi ba, za ta warke. Sauran kuwa ban sani ba."

Na sami Malam a zaurensa a kan dakali, cinya a ɗaure, ya baje agogunan a kan faranti yana wanke su ɗaya bayan ɗaya da fetur da gashin kaza. Ya amsa gaisuwata cikakkiya, har ya tambayi mutanen gida. Na durƙusa na faɗi abin da na yi, har da maganar fiyus. Ya ce, "Injiniya, ba da gangan ka yi ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ina fedata?" Ban san inda take ba, na ɗauka ta tafi wurin 'yan gwangwan. Ashe Baba ya tsince ta ya ajiye a ƙarƙashin benci tun ranar da aka yanke ta.

Mako uku muka yi muna sake keken, Malam yana zaune a gida. Wannan karon na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na je na zauna da shi ya lissafa mini duk inda yake tsayawa, da inda hanya ke da tudu, da inda ruwa ke kwanciya. Muka kwance dainamon Baba muka sake naɗa shi yadda zai ja a hankali amma da nauyi, muka sa babban faranti mai haƙora don kaca ta rage gudu ta ƙara ƙarfi. Muka mayar da feda wurinta, yadda hannu da moto za su iya aiki tare ko kowa shi kaɗai. Batir ya koma baya, nesa da kujera. Na sa fiyus, na kuma sa babban makunni na hannu kusa da damarsa, wanda in ya fizge shi wuta ta yanke gaba ɗaya. Zaɓen moto ke nan: ba a fara duban ƙarfinsa, ana fara duban wunin wanda zai yi aiki da shi, da abin da zai same shi ranar da moton ya ƙi.

Da na zo hawa don gwaji, Baba ya ce, "Dakata, Injiniya. Kawo ƙafafun nan." Ya ɗauko igiya ya ɗaure mini su tam a kan katakon da Malam ke ɗora nasa. "Yanzu je ka Kwari. Duk inda yake tsayawa ka tsaya, ka kuma gaishe su da kyau, ba irin gaisuwarku ta 'yan ofis ba." Kwana uku ina wannan tafiya safe da yamma, na ɗauki hutu a masaƙa saboda ita. Tsofaffin gindin dalbejiya suna ce mini, "Sannu, Injiniya, ko ciwon ne ya kama ka da girma?" Na shiga ramin nan mai taɓo da gangan, na fita da feda. Duk sanda na isa na taɓa moton, ɗuminsa bai wuce na kofin shayi ba. Har yau ban yi aikin da ya fi wannan kyau ba.

Haka na tuƙa shi zuwa ƙofar Malam, ƙafafuna a ɗaure, Baba yana biye da ni a ƙasa. Malam ya sa gilashinsa na duba agogo, ya bi wayoyin da kallo, ya gwada makunnin, ya juya fedar da hannu ɗaya ya saurari ƙarar kaca. Ya ce, "Aiki ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau. Amma ku cire mini moton."

Na ce, "Malam, wannan ba irin wancan ba ne. Kwana uku ina yawo a kansa ƙafafuna a ɗaure, ko sau ɗaya bai yi gardama ba."

"Na sani, an ba ni labari, kuma ga shi ina gani. Amma ka ga igiyar nan? In ya kama wuta, kai kwance ta za ka yi ka sauka."

Baba ya ce, "Hamisu, kafaɗar taka fa?"

"Kafaɗata ba ta taɓa jefa ni a kwata ba, Rafi'u. In za ta gaza, za ta sanar da ni tun da sauran lokaci."

A nan ƙofar zauren na kwance igiyar, muka sa sifana muka cire dainamon da batir da wayoyin, yana zaune yana kallonmu. Washegari ya tafi kasuwa da hannunsa, yana juya fedar a hankali, yana tsayawa duk inda ya saba.

Da na bar Baba ya ɗora dainamonsa tun ranar farko, ina da yaƙinin Malam zai yi shekaru yana kai kansa kasuwa ba tare da ya wahalar da kafaɗarsa ba. Kafaɗar ta yi masa damina biyu, a ta uku ta gaza. Maƙwabta suka ce za su riƙa tura shi, ya yi musu godiya ya ƙi. Na koma na sake roƙonsa a kan moton, ya sa aka kawo mini ruwa ya canja magana. Ya sa an ɗauko teburinsa mai gilashi aka ajiye a zaure, a layin da ba kowa ke bi ba, wani mai sayar da sababbin agoguna ya gaje wurinsa na kasuwa. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, kuma bai sake zuwa Kwari ba.